Ragowar Kwanon Baba

A gidanmu na Fammar maigida ba ya cinye abincinsa. Ko yunwa za ta kayar da shi, sai ya bar loma uku ko huɗu a gefen kwano, ya suɗe hannu, ya ɗaga murya ya ce, "Ina auta?" Ni ne autan. Kai, in ka ga yadda nake tasowa a guje daga duk inda nake, sai ka rantse kyautar rago za a yi mini! Yayyena suna ta hararata, ni kuwa ina tanɗe kwano har sai ya yi ƙyalli. Tuwon nan da nasu daga tukunya ɗaya Inna ta kwashe su, amma wallahi har yau ba wanda zai gamsar da ni cewa ɗanɗanonsu ɗaya ne.

Me ke cikin kwanon? Tuwon dawa da miyar kuka ko ta kuɓewa. Da damina kwaɗon rama ko na tafasa da ƙuli-ƙuli. Dafaffen wake. Fura da nonon da Fulanin rugar bayan gari suke kawowa, tsaminsa har cikin kunne, babu ko ƙwayar sukari. Ba wani likita ne ya hana Baba sukari ba, shi dai bai saba ba ne. Ga mutumin da ƙafa. Gona a ƙasa, ta'aziyya a Unguwar Gai a ƙasa, ran kasuwar Rano ya labta wa jaki kaya shi ya bi shi a baya. Ni kuma ina biye da shi ina ɗan tsalle don in taka daidai inda ya taka. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce tafiya tana da amfani. Na ga Baba yana yi, ni ma na yi.

Da na girma na koyi ɗinki, na dawo cikin Kibiya na buɗe shago, na yi aure, Allah ya ba mu yara biyar. Baba ya rasu ina da na uku, Allah ya jiƙansa. Al'adar ragowa na taho da ita daga Fammar ba tare da na yar da ko ɗigo ba. Abin da na baro a can shi ne abincin da ke cikin kwanon, da kuma ƙafar.

Da farko keken ɗinkina na ƙafa ne, ko ba komai ina wuni ina taka shi. Sai na sa masa inji, ɗan taɓawa kaɗan ya yi ta gudu. Sai na sayi babur. Daga ranar da babur ɗin nan ya shigo zaurena, masallacin bayan layinmu ma a kansa nake zuwa. Da safe maiɗakina za ta haɗa mini shayi a babban kofin silba, madarar gwangwani mai kauri, sukari cokali biyar, in ta sa huɗu tun a kurɓar farko nake ganewa. Ga burodi. Da azahar shinkafa da mai, in kora da lemon kwalba mai sanyi. Da la'asar zoɓon da aka zabga wa zaƙi. Tumbi ya fito ya zauna mini a cinya, abokai a majalisa suna kirana Alhaji alhali ko filin jirgi ban taɓa leƙawa ba. Daɗi nake ji! Na ɗauka hutu ne ya zo.

Autata mace ce, a lokacin shekararta shida, baƙa mai manyan idanu, bakinta ba ya rufuwa tun daga asuba. Duk abin da na yi sai ta yi. In na harɗe ƙafa ta harɗe. In na miƙe na ce "wash, bayana," ita ma sai ta dafe ƙugu ta ce "wash, bayana." Tankin babur wurin zamanta ne, ba mai hawa mata. Islamiyyarsu ba ta da wani nisa, amma in ba a babur ba ba za ta je ba. In uwarta ta yi magana sai ta ce, "Baba ma ai ba ya tafiya a ƙasa." Mu yi ta dariya, ina jin kaina yana ƙara girma. Ragowa kuwa doka ce a wurinta. Ko an zuba mata nata, sai ta rufe shi da faifai ta zo ta tsuguna a gabana, ba za ta kai komai baki ba sai ta karɓi nawa tukuna.

Sai jikina ya fara ba ni labari. Ƙishirwa ba ta yankewa, fitsari ba ya ƙarewa, ga kasala. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da na kasa sa zare a allura. Ni! Telan da yake sa zare ido rufe! Na yi ta laluben ramin allura kamar mai neman kwabo a cikin yashi. Washegari na tafi asibiti a Rano, aka ɗebi jinina, likita ya duba takarda, ya duba tumbina, ya ce, "Malam, ciwon sukari ne ya fara kama ka. Ga magani, amma maganin ba zai yi shi kaɗai ba. Ka bar sukari, ka bar lemo, ka rage farar shinkafa da burodi, ka riƙa cin ganye da wake, kuma ka riƙa tafiya a ƙasa kullum har ka yi gumi."

Na ce to. A hanyar dawowa, a kan babur, ni kaɗai na tsara dabarata, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai da na tsara ta.

Da safe na ce wa maiɗakina ta haɗa shayin yadda ta saba. Ta tsaya da cokali a hannu ta ce, "Malam, ba an hana ka ba?" Na ce, "Ke dai haɗa." Ta haɗa. Na yi bismillah, na yi kurɓa ɗaya, ɗaya tak, don harshe ya san an waye gari, na ajiye kofi na ce, "Ina auta?" Ta rugo. Da can guntun gindin kofi take samu, yau ga kofi cike har baki. Yarinyar nan ta riƙe shi da hannu biyu ta shanye tas, ta lashe leɓe, ta ce, "Baba, yau ragowar da yawa!" Da azahar na aika aka sayo lemo, na kurɓa, na miƙa mata. Zoɓo ma haka.

Ku ji fa, ni a zuciyata jarumta nake yi. Ga zaƙi a hannuna, na ɗanɗana na haƙura. Ban yi almubazzaranci ba, ban karya al'adar ubana ba, ban karya dokar likita ba sai da ɗan kurɓi. Har a majalisa nake ba da labarin ƙarfin halina, ana cewa "sannu da ƙoƙari, Alhaji." Tafiyar ƙasa kuma na mayar da ita zagaya shago sau biyu kafin in hau babur.

Maiɗakina ba ta yi shiru ba, in ba ta haƙƙinta. Ta ce, "Malam, yarinyar nan ta daina cin tuwo. Cikinta ya cika da shayi tun safe, ina za ta sa abinci?" Na ce, "Ni aka hana, ita wa ya hana ta? Yaro ne fa, jininsa sabo ne." Ta ce, "Abin da ya kwantar da babba shi za a ɗura wa ƙarami?" Raina ya ɓaci. Ni mutum ne mai saurin hawa, ban ɓoye ba. Na ce, "Ragowar uba albarka ce! Da ita aka raine ni, ga ni nan!" Ta kalle ni daga sama har tumbi, ta ce, "Ai kuwa ga ka nan." Ta shige ɗaki.

Haka muka yi ta yi har kusan wata biyar.

Wata safiya da damina auta ba ta fito karɓar ragowa ba. Na kira, shiru. Na leƙa ɗaki na tarar da ita a dunƙule kan tabarma, kumatunta na dama ya kumbura suntum, tana kuka ƙasa-ƙasa don buɗe bakin ma ciwo yake mata. Uwarta ta ɗauko kanumfari ta danna mata, bai yi komai ba. Na ɗora ta a babur, wannan karon ba a tanki ba, a baya uwarta ta rungume ta, muka nufi Rano.

Wata mata ce mai duba haƙori, dattijuwa mai gilashi. Ta lallaɓa auta ta buɗe baki, ta haska da 'yar fitila, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta kira ni ta ce in leƙa da idona. Innalillahi! Haƙoran ciki duk sun yi baƙi, wani ya yi kogo har ya kusa rabewa. Ta ce, "Waɗannan na yarinta ne, za su fita idan ta yi famfara, wasu su fito. Mai kogon yau za mu cire shi. Amma dubi can ƙurya." Ta nuna mini wani sabon turmin haƙori da bai daɗe da tsirowa ba, da ɗan ɗigon baƙi a samansa. "Wannan na girma ne. Shi ba a canza shi. In ya tafi ya tafi ke nan, kuma sauran na girman suna hanya. Zan yi masa ciko, amma in abin da ya jawo wannan bai tsaya ba, cikon banza ne. Me take ci a gida?"

Na buɗe baki zan ce tuwo da shinkafa kamar kowa. Auta ta riga ni, da kumburarren kumatunta, magana tana fita da ƙyar amma da alfahari: "Ragowar Baba. Shayi da lemo da zoɓo. Shi likita ya hana shi, kurɓa ɗaya yake yi, ni nake shanye masa."

Matar nan ta sauke gilashinta ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa kawai ta yi, "Malam, kai aka hana, sai ka samo wanda zai sha maka?" Maiɗakina tana gefe ta sa mayafi ta rufe baki. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Kunya ta kama ni, tsoro ya kama ni, kuma na ji haushin kaina irin wanda ban taɓa ji ba.

Muna dawowa gida na kafa doka da ƙarfi, yadda na saba yin komai. Ba shayi mai sukari, ba lemo, ba alewa, ba zoɓo. Na ɗauki gwangwanin sukari na ɗora can saman kabad. Na ce daga yau auta tuwo za ta ci da ganye, ko ta so ko ta ƙi.

Ta ƙi kuwa. Tabɗi! Ban san na haifi mai taurin kai irin nawa ba sai a makon nan. A zuba mata tuwo ta juya baya. A kawo kwaɗon zogale ta ce ita ba akuya ba ce. Na yi tsawa, na yi lallashi, na ɗauko tsumagiya na ajiye, na yi alƙawarin sabon ɗinki mai aiki a wuya. Ko a jikinta. Kwana uku sai ɗan kunu da uwarta take ɗura mata da dabara. Ni kuma a kwanakin nan na daina cin abinci a tsakar gida, don ina jin nauyin ta gan ni da shinkafata da burodina, sai in sa a kai mini shago.

A rana ta huɗu maiɗakina ta tare ni a zaure ina shirin tayar da babur. Ta ce, "Malam, ka tsaya ka ji. Yarinyar nan ba tuwo take ƙi ba. Kwanonka take jira. Tunda aka yaye ta ba ta taɓa fara cin abinci da nata ba. Kai ka gudu shago da kwanon, ka bar ni ina fama. Abin da kake so ta ci, ka zauna ka ci shi a gabanta, ka rage mata."

Na ce, "Zogalen?" Ta ce, "Zogalen." Ni da na rabu da kwaɗo tun ina saurayi, na ɗauka na wuce wurin!

Da azahar ɗin nan na zauna a kan tabarma a tsakar gida, aka ajiye mini kwanon kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa. Auta tana bakin ƙofar ɗaki ta yi kicin-kicin da fuska, tana leƙena ta wutsiyar ido. Na yi bismillah na kai loma. Ɗaci-ɗaci, bauri-bauri. Na daure na lumshe ido na ce, "Kai! Kai, kai, kai! Wannan kwaɗo haka?" Na ƙara loma. A ta uku, wallahi ba wasa nake ba, sai ɗanɗanon ya dawo mini, na ji kamar ina Fammar a gindin rumbu. Na ci na ci, na bar loma huɗu a gefe, na suɗe hannu, na ce, "Ina auta?"

Can sai na ji ɗan motsin takalmi. Ta zo ta tsuguna, ta kalli kwano, ta kalle ni. Ta ɗauki ɗan kaɗan da yatsa biyu ta sa a baki, ta yamutsa fuska. Ta ce, "Baba, kai ka ci wannan da gaske?" Na ce, "Ba ki gani ba?" Ta sake ɗauka. Ta sake. Ta cinye, ta tanɗe kwano!

Jama'a, na yi kabbara da ƙarfi har kaji suka watse! Maiɗakina tana bakin murhu tana dariya tana share ido da gefen zane. Na ɗaga yarinyar nan sama ina juyi da ita a tsakar gida, tumbi yana rawa, numfashi yana neman ɗaukewa, ban damu ba. Da daddare aka yi tuwon dawa miyar kuka, na rage, ta cinye ta buɗe nata. Washegari wake da alayyahu. Shayin safe ya koma kunun gyaɗa ba zaƙi, na kurɓa ina murmushin dole, ita ma ta kurɓa tana irin murmushina.

Da na ga abin yana ci, sai na ce bari in gwada da ƙafa. Na jingine babur a zaure na rufe shi da tsohon buhu. Da safe na saɓa jakata na ce na tafi shago. Auta ta ce, "Babur fa?" Na ce, "Ya gaji, yana hutawa." Ta tsaya tana tunani, sai ga ta a bayana da allonta. Ranar farko kafin mu kai Islamiyya mu biyun muna haki, ta dafe ƙugu ta ce "wash," ni ma na ce "wash." Mutanen majalisa suka yi ta tsiya, wai Alhaji an sayar da babur ne, ko mai ne ya gagara? Na ce su ci kansu.

Bayan la'asar muka fara fita bayan gari. Damina ta yi kyau, dawa ta fi ni tsawo, gyaɗa ta rufe ƙasa. Muna tafiya ina nuna mata abin da Baba ya nuna mini: wannan tafasa ce, wannan rama, wannan yaɗiya, waccan bishiyar ɗinya ce, in kaka ta yi za mu zo. Masu gona suna miƙo mana yalo da gurji. Wata rana na waiwaya na gan ta tana ɗan tsalle a bayana. Na ce me take yi? Ta ce so take ta taka inda na taka. Sai da na juya fuska na yi kamar wani abu ya faɗa mini a ido. Wandunana suka fara yi mini yawa, ni da kaina na rage musu ƙugu. Zare ya koma shiga allura. Ita kuma kumatu ya sabe, fuska ta yi fes, ta koma tsere da yayyenta.

To amma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. A durowar keken ɗinkina, ƙarƙashin zarurruka, akwai ɗan ƙullin sukari a leda. In na isa shago, auta tana makaranta, sai in sayi koko in ɗan barbaɗa. Kaɗan fa. Ina ce wa kaina ai ba ta gani, kuma wannan ba ragowa ba ce, tunda ni nake shanye abina. In ƙullin ya ƙare in sake wani. Wani lokaci ma a aljihu yake kwana.

Da kaka ta fara, aka soma cire gyaɗa, na ce ran Juma'a za mu je Fammar gaida Inna, kuma a ƙasa za mu je. Maiɗakina ta ce yarinya ba za ta iya ba. Auta ta ce za ta iya, har da buga ƙafa. Kwana biyu ba ta da zance sai wannan, duk wanda ya shigo gidan sai ta gaya masa. Muka fita da sassafe da gorar ruwa da dafaffiyar gyaɗa a leda. Mun huta sau uku a gindin bishiya, masu babur suna tsayawa suna cewa mu hau, ita ce take amsa musu: "Mun gode, mu a ƙasa muke tafiya." Ko sau ɗaya ba ta ce in ɗauke ta ba. Da muka hango rumbunan gidanmu ta kwasa a guje tana kiran Inna tun daga nesa.

Inna ta fito tana tafa hannu. "Lale, lale da ƙawata! Ina babur ɗin? A ƙasa? Daga Kibiya? Ikon Allah! Yau na ga jinin marigayi Malam ya motsa." Ta shimfiɗa mana tabarma a inuwar darbejiya, ta ɗauko fura da nonon da aka kawo da safen nan, ta dama mana a ƙwarya biyu, babba da ƙarama. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani gwangwani da take ɓoyewa don baƙi. Ita a wurinta mutumin gari ba a ba shi fura gaya, karramawa ce a sa masa sukari. Ta buɗe za ta zuba, auta ta sa tafin hannu ta rufe ƙwaryarta, ta sa ɗayan ta rufe tawa.

"A'a, Inna. Ni da Baba mun daina."

Inna ta riƙe haɓa. "Kun daina? Shi wannan ɗin?" Ta dube ni tana dariya, ta mayar da murfin gwangwani, ta koma da shi ɗaki. Auta ta rufe furarta da faifai kamar yadda ta saba, sai ta ji kukan 'yan awaki a bayan ɗaki, ta ce bari ta gano su kafin in gama.

Na ɗauki ludayi na kurɓa. Wayyo, tsami! Nonon Fammar bai canza hali ba. Na gaji, na yi gumi, maƙogwarona yana neman zaƙi kamar me. Na duba hagu, na duba dama. Inna tana ɗaki, auta tana wurin awaki. Hannuna da kansa ya shiga aljihu. Na kwance ƙullin nan na juye shi duka a ƙwarya, na juya da ludayi, na sha. Daɗi har tsakar kai. Na ce zan yi sauri in shanye kafin ta dawo.

Ban kai rabi ba sai ga ta. Ta zo ta tsuguna a gabana, ƙafafunta duk ƙurar hanya, ta miƙo hannu biyu tana murmushi, har ina hango gurbin haƙorin da aka cire.

Ban taɓa shiga matsi irin na wannan lokacin ba. In na miƙa mata, na ɗura mata abin da ya ci haƙoranta, kuma kurɓa ɗaya za ta yi ta gane. In na shanye, na hana ta ragowa a gidan da aka fara ba ni ita, ranar da ta taka tun daga Kibiya don ta yi irin tawa. Na riƙe ƙwarya na kasa gaba na kasa baya. Inna ta fito ta tsaya tana kallonmu.

Auta ta ce, "Baba, ba ka ce ina auta ba."

Na ajiye ƙwaryar a bayana. Na ce, "Auta, yau ba ragowa. Na sa sukari a ciki." Na fito da ledar da ba komai a cikinta na nuna mata. "A aljihuna yake. A shago ma ina sha in ba kya nan."

Ta sauke hannuwanta a hankali. Ba ta yi kuka ba. Ta kalli ledar, ta kalle ni, ta daɗe tana kallona, irin kallon da matar asibiti ta yi mini, sai dai wannan ya fi ciwo. Ta ce, "Amma na ce wa Inna mun daina." Na ce, "Kin faɗa. Ke kin daina, ni ne ban daina ba."

Ta juya ta jawo 'yar ƙwaryarta, ta ɗage faifai. A iya sanina wannan ne karo na farko da ta fara da nata. Ta yi bismillah, ta sha ludayi ɗaya, ta runtse ido don tsami, ta ƙara, ta ƙara. Da ta kai rabi sai ta ajiye ludayin, ta goge baki da bayan hannu yadda nake yi, ta turo ƙwaryar gabana.

"Ungo, Baba. Na rage maka. Wannan ba komai a ciki."

Inna ta ce, "La'ilaha illallahu," ta zauna a kan turmi. Ni mai 'ya'ya biyar, da furfura a gemu, na sa hannu biyu na karɓi ragowar 'yar shekara shida. Hawaye yana zuba a cikin furar ina sha, tsamin yana kai mini har kunne, na shanye na tanɗe ludayi. Waccan ƙwaryar mai sukari Inna ta ɗauka ta juye wa awaki.

Da muka koma Kibiya, ita na sa ta buɗe durowar keken ɗinki da hannunta, ta kwashe abin da ya rage ta kai wa mai koko. Bayan wata uku muka koma wurin matar mai gilashi. Ta haska, ta duba, ta ce cikon yana nan daram, baƙin bai ƙaru ba, sababbin da suka fito kuma farare ne tas. Auta ta ce mata, "Yanzu Baba ma ya daina da gaske, ni nake duba aljihunsa."

Har yau tana dubawa, kullum da safe kafin mu fita. Ni kuma ina ɗaga hannuwa sama in tsaya ta gama.